A cinikin gitar bas, ji ya kori gani

Duk wanda ya taɓa kwana a Lamorde daren Asabar ya san abin da zan faɗa. Ana biki can nesa, ko a Karaje ko a Nogare, kai kuwa kana kwance a tsakar gida cikin gidan sauro. Muryar mawaƙiya ba ta iso ka ba, kukan gitar solo ma iska ta cinye shi tun a hanya. Abu guda ne ke ratsa katangu, ya biyo ƙasa, ya zo ya same ka a ƙirji: dum, dum-dum, dum. Aikin mutum ɗaya ne wannan, wanda ke tsaye a baya kusa da mai ganga. Ba a yi masa liƙi, masu ɗaukar hoto ba su kula shi, amma da zai ɗage yatsunsa na minti ɗaya, da masu rawa sun tsaya cirko-cirko suna duban juna, ba su san abin da ya ɓace ba. Mai bas ke nan.

Ɗan ƙanwata ne ya sa na ɗauko maganarsa. Yaron yana karatu a jami'a nan kusa da mu, kuma shekara biyu ke nan yana koyon bas da kayan aro. Wata Juma'a bayan la'asar ya same ni a ƙofar gida, ya durƙusa ya yi mini gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo, na san da magana. Sai ya miƙo mini waya.

"Kawu, dubi wannan. Fender ce, ta asali. Mai ita kuɗi yake nema da gaggawa, shi ya sa zai karyar da ita."

Na duba hoton. Ja ce, tana sheƙi, an jingina ta da kujerar roba. Na ce, "To, madalla. Da me za ka kaɗa ta?"

"Da hannu mana, Kawu."

"Ja'iri, ampili nake tambaya."

Ya yi dariya ya ce, "A'a, wannan ai sai a ara."

Wannan "sai a ara" ita ce cutar da ke cin masu bas na garin nan tun muna samari, lokacin da ni ma nake ɗan taɓawa a wani orkes na unguwa kafin neman abinci ya raba ni da shi. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A gaban alƙali haka ne. A cinikin bas kuwa maganar a juye take. Samarinmu suna zuba duk abin da suka tara a kan fenti da sunan da ke rubuce a kan gitar, su bar abin da kunne zai ji ga sa'a da alfarmar maƙwabta. A nawa ra'ayin, wanda ke riƙe da jaka ɗari yana son ya zama mai bas a Yamai, sittin ko fiye na ampili ne da abin da zai kare shi daga kuran, wato wutar lantarki, ragowar ce ta gitar. Na san ƴan fada za su ce tsoho ya ruɗe. Su bari in kai aya.

Washegari muka haye gadar Kennedy muka shiga gari, aka kai mu wani ɗaki a bayan shagon wayoyi. Mai gitar ya zaro ta daga jaka a hankali kamar ana buɗe kan amarya. Tun kafin a jona ta na ɗora gindinta a kan ƙafata, na kanne ido ɗaya na leƙa tsawon wuyan, yadda kafinta ke duba katako. Wuyan ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi. Sunan da ke kanta a ɗan karkace yake, kuma in ka juya ta ga haske kana hango inuwar wani suna da aka kankare a ƙarƙashinsa. Tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya har ƙaramin yatsa na shigewa tsakani. Da aka jona na murɗa maɓallin ƙara, sai ta fara ƙara kamar ana zuba ƙosai a mai. Mai ita ya ce ƙura ce kawai. Wataƙila ƙurar ce. Amma murɗaɗɗen wuya bai da alaƙa da ƙura, kuma ba ya gyaruwa da kuɗin da ɗalibi zai iya biya. Ban ce mutumin macuci ne ba, mai yiwuwa shi ma haka aka ɗora masa ita. Muka yi godiya muka fito. A cikin taksi yaron bai ce mini uffan ba har muka sake haye kogi.

Abin da ke ba ni dariya game da wannan suna da samari ke rawar jiki a kansa, mai sunan, Leo Fender, bai iya kaɗa gitar ba. Mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya buɗe shagonsa a 1938, kuma tun kafin ya ƙera gitar, kayan ƙara sauti yake harhaɗawa yana ba makaɗa haya. Wani Paul Tutmarc ya riga shi gwada bas na lantarki tun shekarun 1930, amma Precision Bass da Fender ya fitar a 1951 ita duniya ta karɓa. Kafin ita, mai bas yana fama ne da wani ƙaton goge mai tsawon mutum, a tsaye ake kaɗa shi, mota ba ta ɗaukarsa sai an ɗaure shi a sama, kuma da ganga da ƙahonni sun tashi ba ka ƙara jin ɗuriyarsa. Fender ya kwantar da shi a ƙirjin makaɗi, ya jera masa ƙarafa a wuya don yatsa ya faɗa daidai. Wuyan kuma da kusoshi huɗu ya ɗaure shi, don in ya lalace a kwance a sa wani. Tunanin mai gyara ke nan. Sannan bai saki gitar ita kaɗai ba, a 1952 ya biyo ta da ampilinta mai suna Bassman, domin ya san katako da tsirkiya huɗu ba su da murya sai an ba su. Mai sunan da kansa bai yarda da "sai a ara" ba.

Yau Fender ta gaskiya galibi daga Corona ta Kalifoniya take fitowa, ko Ensenada ta Meziko, ko Japan. Kamfanin ya san ba kowa ke iya kuɗinta ba, shi ya sa tun 1982 ya fito da Squier don masu ƙaramin ƙarfi. Masana'antar Cort da ke Indonesiya tana ƙera wa manyan kamfanoni da dama gitar, su sa sunansu a kai. Saboda haka Yamaha ko Ibanez ko Cort ko Squier da ta amsa sunanta na gaskiya, ko da ta sha hannu, ta fi mini kura da fatar akuya. Wanda kuma ya ce suna ne ke kiɗa, ya tuna Mdou Moctar, wanda yau ake layin sayen tikitinsa a Amurka, gitarsa ta farko da kansa ya ƙera ta da katako da wayar birkin keke.

Me ya sa na nace a kan ampili? Lissafi ne, ba son zuciya ba. Tsirkiyar da ta fi kauri a bas mai huɗu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, kuma tsawon igiyar sautin da take turawa cikin iska ya haura mita takwas. Siririyar tsirkiyar gitar solo tana kaɗawa kamar sau 330, tsawon sautinta bai wuce mita ɗaya da ɗan kai ba. Kafin a ji sauti mai zurfi irin na bas sai an tura iska mai yawa, bambancin mai hura wuta da baki da maƙeri mai zugazugi. Ga shi kuma Allah ya halicci kunnen ɗan Adam ba ya saurin kama sautin ƙasa kamar yadda yake kama na sama. Turawa a ɗaki suke kiɗa, bango yana mayar musu da sautin yana ƙara masa kauri. Mu a titi muke bikinmu, a tare layi a kafa tanti a jera kujeru, babu bango babu rufi, abin da ya fita daga bafal, wato lasifika, ya tafi ke nan. Ampilin solo mai wat 30 yana iya cika layi. Na bas mai wat 30 ba zai wuce kujerar amarya ba.

To me ake samu a aro? Galibi ampilin solo ne, ko ɗan ƙaramin na koyo a ɗaki. Yaro ya jona, mai ganga ya danne shi, ya ƙara, ya sake ƙarawa, bafal ya fara tari, can tsakar dare takardarsa ta yage ko zaren tagullar da ke cikinsa ya ƙone. Da safe mai kaya yana neman kuɗinsa, mai aro yana cewa ai da ma a lalace yake. Na ga abotar shekara goma ta mutu a kan bafal ɗaya mai inci 12.

In an tashi saye kuma, akwai wata ƙaryar da ke jira. A jikin akwatunan da ke shigowa za ka ga an rubuta 2000W ko 5000W da manyan haruffa, a gefe kuma PMPO da ƙanana. Wannan lissafin ƴan talla ne, ba ya nufin komai a filin biki. Wanda ake nema shi ne RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa tana aiki ba tare da ta siƙe ba. Ampeg SVT da aka fitar a 1969, wanda har yau manyan makaɗan duniya ke tsayawa a gabansa, wat 300 ne kacal, kansa kaɗai ya kusa kilo 40, ga akwatinsa mai bafal takwas. In wannan ya ce 300, akwatin roba da yaro ke ɗauka da hannu ɗaya ya ce 5000, ai ba sai an kira shaida ba. Wani abin da mutane ba su sani ba, ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake kawowa a kunne, sai an ninka kamar sau goma mutum yake jin ƙarar ta ninku. Don haka ingancin bafal da faɗinsa sun fi lambar wat muhimmanci. Guda mai inci 15, ko huɗu masu inci 10, a akwati mai kauri da ba ya rawa.

Akwai kuma om, lambar da ke bayan bafal da bayan ampili wadda ba mai karantawa. Bafal biyu masu om 8 in aka jera su sun zama 4. Biyu masu 4 sun zama 2. In ampilin ya rubuta cewa 4 ce iyakarsa ka kai shi 2, ka ɗora wa jaki kayan raƙumi, zai yi zafi ya mutu. A bukukuwanmu sai ka ga ana ta sarƙa bafal a jikin bafal, duk wanda aka samo a unguwa a jona, ana ganin ƙarfi ake ƙarawa.

Gaskiya ne yanzu akwai sababbin ampili marasa nauyi, irin Fender Rumble da Markbass na Italiya, masu ba da ɗaruruwan wat na gaskiya a cikin kilo kaɗan. Na ji su, suna da daɗi, kuma bayan mutum yana hutawa. Amma cikinsu ƴan mitsi-mitsin kaya ne a kan faranti ɗaya, in ya ƙone sai dai a yo odar wani farantin daga waje. Tsohon Peavey kuwa, irin TNT ko TKO, mummuna ne, ɗaukarsa sai mutum biyu, amma mai gyaran rediyo na bakin kasuwa zai buɗe shi ya gane abin da yake gani, ya canza abin da ya ƙone. A Lamorde ni wannan zan zaɓa, kuma dalilina kuran ne.

Shekara da shekaru kafin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar nan daga Najeriya ta riƙa zuwa, galibi ta layin Birnin Kabi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, a farkon Agusta Najeriya ta yanke layin bisa takunkumin CEDEAO, ba a maido ba sai a 2024. Tashoshin Goru Banda, ta mai da ta hasken rana, suna nan a gefenmu na kogi, sun rage zafi, amma kowa ya san halin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kowa ya kunna abin sanyaya ɗaki. Ɗaukewar wuta da sauƙi, dawowarta da ƙarfi ita ke kashe kaya. In kuma gurup aka tayar, wato janareto, to shi ɗaya ne ke ɗauke da fitilu da sono da firijin sanyaya lemo. Ku lura a biki na gaba, za ku ga ƙwan fitila yana ƙifta ido daidai da bugun bas. Gurup ɗin ne ke nishi, kuma ampilin yana shan wannan wahala tare da shi. Regilata, wadda ƴan Najeriya ke ce wa sitabilaiza, ba ta da kyan gani, ba wanda zai ɗauki hoto da ita ya sa a Facebook, amma ita ce mai gadin dukiyarka. Da wuta ta ɗauke a kashe ampili. Kada a jona shi sai gurup ya daidaita murya. Fis in ya ƙone a nemo irinsa, a daina naɗa masa takardar kwalin sigari, domin fis ya mutu ne don ampili ya rayu. Kuma da yake yawancin wayoyin da ake ja a biki ba su da ta ƙasa, mai bas ya sa takalmi, musamman da damina. Tsirkiya ƙarfe ce, wanda ta taɓa jan sa ya san ba wasa nake ba.

Kayan gwanjo da ke zuwa daga Amurka da wutar 110 aka yi su, tamu kuwa 220 ce. Wasu suna da ɗan maɓalli ja a baya da ake turawa, wasu sai da taransifo. Jonawa ɗaya ake yi cikin ɗoki, hayaƙi ya tashi, shi ke nan.

Mu mutanen Haro Banda, wato wannan gefen kogi, muna da ƙarin wani abin dubawa da na cikin gari ba su cika tunawa da shi ba. Ruwa ya shiga Lamorde a 2012, ya sake shiga a damunar 2020 lokacin da jingar bakin kogi ta karye, mutane suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Ampili ba ya cikin abin da hannu ke ɗauka a irin wannan dare. Kayan da suka kwana cikin ruwa an shanya su, an goge, wasu sun koma aiki, wasu sun shiga kasuwa, kuma har yau suna yawo daga hannu zuwa hannu. Ka sa a kwance maka bayan akwatin ka haska da fitilar waya. Laka tana barin zane a jikin katako daidai inda ruwa ya tsaya, kusoshi suna tsatsa, katakon ƙasa yana kumbura ya yi laushi. Ka sunsuna. Ka danna takardar bafal a hankali da yatsu, in ka ji tana gogar wani abu a ciki, ka ajiye. Sannan ka bar shi a kunne kana kaɗawa rabin awa, domin cutar ampili ba ta fitowa sai ya yi zafi. Mai kayan da ya ce yana sauri ba zai jira rabin awa ba, ya riga ya ba ka amsa.

Ita gitar kanta abokin gabarta hunturu ne. Katakon da aka busar don iskar wata ƙasa in ya sha busasshiyar iskarmu sai ya tsuke, bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar hannu, da damina kuma ya sake kumbura. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa da ɗan makulli mai kusurwa shida don a miƙar da shi. Kafin ka biya, ka tabbata sandar tana juyawa, domin in ta cije ko ta karye, gitar ta zama itacen girki mai tsada. Kuma rubu'in juyi ake yi a jira, ba a murɗa ta kamar ana ɗaure tayar mota. Ka bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya tun daga sama har ƙasa, a kowace tsirkiya, kana sauraren inda za ta yi zuzu. Ka kaɗa ta ba a jone ba ka ji ko tana girgiza maka ciki. Wadda ba ta da rai a bushe, ampili ba zai sa mata ba.

Tsirkiyar bas tana da tsada, shi ya sa masu bas a ko'ina suka san dabarar dafa tsofaffi a tukunya don datti da gumi su fita, murya ta ɗan dawo. Ba abin kunya ba ne. James Jamerson, wanda ya kaɗa bas a tarin waƙoƙin Motown, an san shi da ƙin canza tsirkiya sai in ta tsinke. Sai dai in za ka dafa, kada ka yi da tukunyar miyar uwargida, ni na gwada na ga sakamako. Masu batir kuma, irin salon da Music Man StingRay ta yaɗa tun 1976, muryarsu tana da kaifi, amma batir mai bolt 9 suke ci, kuma in ka bar waya a jone yana zuƙewa ko ba ka kiɗa. Ranar da ya mutu da ƙarfe ɗayan dare a tsakiyar biki, ka zagaya Lamorde ka nemo mini mai tebur da ke sayar da shi.

Gardamar Precision ko Jazz, da ta tsirkiya huɗu ko biyar, ita ce samari suka fi so a fada, ni kuwa ita ce ta fi ƙanƙanta a idona. Precision muryarta kauri, mikro mai ɗaukar sautin tsirkiya guda ɗaya, ba hayaniya. Jazz, wadda ta fito a 1960, wuyanta siriri, mikro biyu, tana iya fito da tsakiyar murya a ji kowane bugu daban. Ga irin kiɗanmu wannan na da amfani. Ku saurari Mamar Kassey, ƙungiyar da Yacouba Moumouni da abokansa suka kafa a 1995. Akwai ƙwarya da ake duka da dunƙulen hannu, ita ma a ƙasa take magana, ga kalangu ga molo ga sarewa. Bas ɗin da ba shi da komai sai gurnani zai haɗiye ƙwaryar, a rasa wa ke magana. Ko ku ɗauki Tal National ta Almeida, masu faifan Kaani da ya fita duniya a 2013, waɗanda aka sani da kwashe awa biyar suna kiɗa a dare ɗaya, da saurin da in yatsa ya yi lattin ƙiftawar ido an bar shi a baya. Irin wannan aiki wuya mai daɗin riƙo yake so da murya mai fita tar. Tsirkiya ta biyar kuwa tana sauka har sau 31 a daƙiƙa, kuma yawancin bafal ɗin da ke yawo a bukukuwanmu ba su iya furta ta, sai dai su yi ta kakari. Mai koyo ya riƙe huɗu.

Wani zai ce duk wannan ɓata baki ne, tunda fiyano ta riga ta ci kasuwa. Da gaskiyarsa. Yaro ɗaya da Yamaha PSR yana yin aikin mutum biyar, bas ɗin yana cikin na'ura, kuma mai biki da ke lissafin shinkafa da kuɗin tanti zai fi son biyan mutum ɗaya. Waƙoƙin fina-finan Kano sun saba wa kunnuwanmu da wannan sauti, ni ma ina jin su a mota. Amma na'ura ba ta ganin ƙafar mai rawa. Ba ta san lokacin da maroƙi ya kama kirarin uwar amarya ba, balle ta lafa masa ya gama sannan ta taso. Kuma waɗanda suka kai sunan Nijar waje da tsirkiya suka kai shi. Bombino da faifansa Deran ya shiga takarar Grammy. Mai bas na Mdou Moctar, Mikey Coltun, Ba'amurke ne, gwani ne kuma, ban faɗa don hassada ba. Sai dai in na dubi Kamaru, wadda ta ba duniya Richard Bona da Etienne Mbappé da Armand Sabal-Lecco, nakan tambayi kaina yara nawa muka rasa a nan saboda sun shekara uku suna kiɗa ba su taɓa jin ainihin muryar abin da suke kaɗawa ba. Wanda bai ji kansa ba, ta yaya zai gyara hannunsa?

Saura cinikin kansa. Tun da hanyar Kwatano ta rikice bayan Yulin 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, komai ya ƙara kuɗi da jinkiri, sabon kayan kiɗa ya ƙara nisa da talaka. Wasu suna yo saƙo daga Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Legas. Amma yawancin cinikin tsakaninmu yake, a WhatsApp da bakin fada: ba ni taka in ba ka tawa da ciko, ga dillali a tsakiya yana jiran la'ada daga ɓangare biyu. Musaya ba laifi ba ce, ita ce ma hanyar da yaro ke hawa daga ƙaramin kaya zuwa babba. Laifin shi ne kowa yana ƙoƙarin sauke wa ɗan'uwansa matacce, a garin da makaɗan duka sun san juna, kuma gobe a biki ɗaya za su haɗu. Abin mamaki, maganin yana cikin littafin da da yawanmu muka karanta a zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid, a babin ciniki, ta hana ɓoye aibin kaya, ta kuma halatta sayarwa da sharaɗin zaɓi na ɗan lokaci gwargwadon abin da za a gwada kayan. To gwajin ampili biki ɗaya ne. A ajiye kuɗi a hannun wanda aka yarda da shi, mai saye ya kai kayan fili daren Asabar, Lahadi da safe a ƙulla ko a warware. In ya ƙona da gangancinsa ya biya. Mai kayan kirki ba ya tsoron wannan sharaɗi, kuma dillalin da ya fara aiki da shi zai ga masu saye sun bi shi.

Ɗan ƙanwata ya yi fushinsa na sati biyu ya huce. Bayan wata biyu muka samu wata tsohuwar Yamaha baƙa, fentinta ya goge a inda hannu ke kwanciya, wuyanta kuwa miƙe kamar kibiya. Muka samu tsohon Peavey wajen wani dattijo da ya bar kiɗa, wanda da bakinsa ya ce mana maɓalli ɗaya yana ƙara, ya rage mana kuɗin gyara. Regilata ni na saya, ita ce gudummawata. A baro aka turo ampilin har gida, yara na bin sa a baya. Da ya jona a tsakar gida ya saki tsirkiyar farko, kwanukan uwarsa suka amsa daga madafa. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Kawu, ashe haka take?"

Roƙona yana wajen Cibiyar Taya, CFPM, wadda tun 1989 take koyar da kiɗa a Yamai, da kuma makarantunmu na koyon sana'a. An koya wa yara kaɗawa, an gode. A buɗe aji na gyara: daidaita wuyan gitar, goge bakin ƙarafa, naɗa zaren bafal, karanta taswirar ampili, ja wa filin biki waya mai ta ƙasa. A ɗauko masu gyaran rediyon da ke zaune a bakin kasuwanninmu a ƙara musu wannan ilimi, ko mutum goma ne a fara da su. Akwai gitar da ampili masu yawa da ke kwance a ƙarƙashin gadaje daga Lamorde har Talaje, waɗanda abin da ya kashe su bai kai kuɗin buhun shinkafa ba.

Yaron yana da biki ranar Asabar mai zuwa a Kirkisoy. Wanda bas ya hana shi barci a daren, ya yi haƙuri, namu ne.